Rabon Rami

Har ladan ya kira assalatu Kamilu bai runtsa ba. Ba zafin bazara ne ya hana shi barci ba, ko da yake ɗakin da yake haya a bayan tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda ya kwana da zafi kamar tanda. Magana ce guda ɗaya, wadda gwaggonsa Larai ta jefa masa a kasuwa jiya da la'asar, ta kuma juya ta ci gaba da kaɗe tabarmarta kamar ba ta ce komai ba.

Ya same ta ne a layin masu tukwane, inda ta saba zama tun yana goye a bayanta. A da, sai mutum ya ɗaga ƙafa yana zaɓen wurin takawa tsakanin randuna da tuluna da kasake. Jiya tukwane huɗu ne a gabanta, da randa ɗaya mai tsaga a wuya. Da suka gaisa, ya tambaye ta gida, ta ce lafiya, sannan ta dube shi ta ce, "Ramin ga ya girmi kakanka, bai taɓa cin mutum ba sai bana. Kai da ka yi karatun ƙasa, ka tambayi dalili?"

Bai tambaya ba, kuma wannan ne abin da ya kwana yana juyawa.

Ramin da take nufi shi ne na Tungar Magina, ƙauyensu, a kan hanyar da ta tashi daga Kaura ta nufi Zurmi. Daga cikinsa ake haƙo yumɓun da matan ƙauyen suke ginin tukwane, a can ƙasa kuma akwai farar ƙasa mai laushi kamar gari. Tun da aka ƙirƙiro jihar Zamfara gine-gine suka yawaita, farar ƙasa ta yi daraja wajen masu fenti, tifofi suka fara tsayawa a bakin ramin. Ƙaramar hukuma ta shigo da takardar izinin haƙa, wadda ake sabuntawa kowace kaka. Wata uku da suka wuce, ɓangare guda na ramin ya rufta a kan mutum uku. An zaƙulo biyu babu rai, Faruku da Ɗanbaba. Na ukun, Nagoggo, ya tsira da karyayyar ƙafa.

Kamilu ne kaɗai a sashen ayyuka na ƙaramar hukumar da ya karanta ilimin duwatsu da ma'adinai a jami'a, don haka shi aka tura. Ya tsaya a bakin ramin da littafinsa, ya dubi ƙasar da ta zube, ya yi wa samarin da ke wurin tambayoyi. Kowa ya ce ƙaddara ce. Ya dawo ya rubuta rahoto shafi tara cikin Turanci mai kyau, ya ce haƙa ce irin ta gargajiya wadda ba ta da tsari ko ilimi, ya ba da shawarar a dakatar da bayar da izini, a kuma soke na hannun mutane, har wata shida. Majalisa ta amince a zama ɗaya. Ciyaman ya aika da rahoton Gusau, aka yaba, har aka sa sunan Kamilu cikin waɗanda za a gana da su don wani gurbi a ma'aikatar jiha.

Wata shida a takarda ba komai ba ne. Sai dai ya manta da abin da duk wanda aka haifa a Tungar Magina ya sani: ruwan farko in ya sauka, ramin kan cika ya zama tafki, ba a sake shiga sai bayan an yi girbi. A rani ake haƙo yumɓun shekara guda a tara a ƙarƙashin rumfa. Dakatarwar za ta ƙare ne bayan damina ta kankama, wato shekara guda ke nan cur aka rufe wa mutane, ba wata shida ba. Yanzu kuwa abin da ya rage kafin ruwa bai fi mako shida ba.

Bayan ya yi sallah ya tura babur ɗinsa waje, bai bi ta ofis ba.

Tun daga mararraba ya fara ganin aikin alƙalaminsa. Rumfar da mata ke sayar da fura da ƙosai ga mahaƙa ta zama kango, awaki na kwance a inuwarta. Jakuna, da a irin wannan lokaci ake ganinsu jere da mangala cike da ƙasa, suna yawo a gonaki suna tsintar kara. A bayan gari, filin da ake toya tukwane ya yi sanyi, tokarsa iska ta share. Wani mai itace da ya tsaya su gaisa ya gaya masa cewa samari fiye da ashirin sun bar ƙauyen, wasu sun tafi kabu-kabu Gusau, wasu sun yi kudu inda ake jin labarin zinariya. Dillalan Shinkafi, da suke zuwa da mota duk mako su kwashi randuna, sun zo sau biyu sun koma wayam, yanzu bokitin roba da jarka suke saro wa mutanensu. Mai itacen bai zarge shi ba, ya dai faɗa masa kamar yadda ake ba baƙo labarin gari, wannan kuwa ya fi zargi ciwo.

Gidan Sodangi ya nufa. Sodangi shi ne dattijon mahaƙa, abokin kakan Kamilu, saboda haka akwai wasa tsakaninsu. Ya tarar da shi a ƙofar gida yana saƙa kwando da hannuwan da farar ƙasa ta riga ta zauna a tsagoginsu.

"A'a, yau mai rufe rami ne a gidana? Ko numfashina ka zo dakatarwa wata shida?" in ji tsohon.

"Kai da ka kusa tafiya, wa zai ɓata takarda a kanka," Kamilu ya amsa, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya zauna a gefen tabarma.

Sun daɗe suna kewaye-kewaye kafin ya fito da abin da ya kawo shi. Ya ce ya zo tambayar da ya kamata ya yi tun wata uku: me ya sa ramin ya rufta? Sodangi ya ajiye kwandon. Ya ce ranar da Kamilu ya zo da littafi yana nan zaune a kan dutse, taku goma daga inda ya tsaya, amma yaro ya wuce shi ya je yana tambayar waɗanda ba su kai shekara biyar da riƙe diga ba. Kamilu ya sunkuyar da kai.

"Sun cinye rabon rami, shi ke nan," in ji Sodangi.

Ya yi masa bayani a hankali, yana duban hanya kamar mai tsoron a ji. Tun kakanni, in ana haƙa a ƙarƙashin ƙasa, duk bayan gaba biyu sai a bar ƙasa a tsaye daga daɓe har rufi, mai kaurin da mutum biyu ba za su iya rungumewa ba. Ba a taɓa ta da diga ko da ita ce mafi kyau a ramin. Ita ake kira rabon rami. Mutanen da suna cewa na masu wurin ne, mutanen ɓoye, har sukan zuba nono a gindinta kafin a fara aikin shekara. Mahaifin Sodangi ne ya hana zuba nonon bayan ya yi karatu a wurin wani malami, amma bai hana barin ƙasar ba, sunan kuma ya zauna.

Bara, da aka ƙaddamar da shari'a, gari ya ɗauki wa'azi, kowa yana duba gidansa yana fitar da abin da bai dace ba. Wata rana a majalisar samari wani ya ce ware wa aljanu kaso shirka ce. Gaskiya ya faɗa, in ji Sodangi, ba wanda zai musa. Sai samarin suka ji kunyar a ce har yanzu ƙauyensu na ajiye wa iskoki rabo, ga kuma tifa a bakin rami tana jira, ga rabon ramin fari fat kamar nonon da aka daina zuba masa. Suka sa diga. Suka ci na farko ba abin da ya faru, suka ci na biyu suka yi dariya. A na biyar ne rufin ya sauko.

"Kai kuma kana ina, Baba?"

"Ina nan. Na buɗe baki sau ɗaya, wani yaro da anka haifa a gabana ya ce ashe har yanzu akwai saura a zuciyar tsoho. A shekara irin wagga, wa ke son a kira shi da wannan suna? Sai na yi shiru." Ya ɗauki kwandon ya sake ajiyewa. "Shiruna ya kashe mutum biyu. Rubutunka kuma yana kashe gari. Ni da kai ba mai yi wa wani gori."

Kamilu ya ce a kai shi ciki. Tsohon ya dube shi daga hula zuwa takalmi, ya ce ya cire agogo da farar rigar, ramin bai san ma'aikacin gwamnati ba.

Sun shiga ta tsohuwar ƙofa, wadda ke nesa da inda ya rufta, Sodangi a gaba da fitilar ƙwai, Kamilu a baya da tocila da igiyar awo. Da farko sai da rarrafe. Can sai wuri ya buɗe, sanyi ya bugi fuskarsa, ya ɗaga tocila. Ginshiƙai ne na ƙasa a jere, layi bayan layi, har inda haske ya ƙare, jikinsu ya yi baƙi da hayaƙin fitilun mutanen da suka daɗe a kabari. Ya san wannan tsari. Ya zana shi a allo a shekararsa ta uku a jami'a, ya lissafa nauyin da kowane ginshiƙi ke ɗauka, ya ci jarrabawa a kansa da yabo. A littafi yana da sunan Turanci da hoton ramukan ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. Bai taɓa kawowa a ransa cewa yana ƙarƙashin gonar kakansa ba, domin da yana yaro an hana shi zuwa wurin, da ya girma kuma shi ya hana kansa.

Ya yi awo har azahar. Tazarar ba ta wuce gaba biyu ko'ina, kaurin ma da wuya ya bambanta da tafin hannu. A ɓangaren da samari suka yi aiki, kafin inda ƙasa ta toshe hanya, ya ga kututturai huɗu masu tsawon gwiwa, da sawun diga a jikinsu, rufin da ke samansu ya tsage kamar busasshen tabki. A rahotonsa ya rubuta cewa haƙar ba ta da tsari. Ashe tsarin ne aka cire, shi ya sa ta kashe mutane.

Da suka fito ya wuce wurin liman, ya zayyana masa komai. Limamin mutum ne mai jinkirin magana. Ya ce wanda ya gina soro ya sa azara ba a ce ya yi shirka ba. Abin da aka hana shi ne a bar ƙasar don tsoron wani ba Allah ba, amma a bar ta don ta riƙe rufi, wannan kiyaye rai ne, kiyaye rai kuwa wajibi ne. Ya yarda zai faɗi haka ranar Juma'a, ya kuma yarda ya sa hannu a takarda da ajami.

Gwaggo Larai ta ba shi tuwo da yamma, ba ta tambaye shi inda ya je ba, ko da yake farar ƙasa ta bayyana a gashinsa da gwiwoyinsa. Ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsa, da waɗannan hannuwa masu murɗa yumɓu ta kai shi har jami'a. Yana cin abinci yana kallon rumfar da take tara ƙasa, babu komai a ciki sai kaji. Abin da ta ce kawai shi ne, in ruwa ya riga su, bana sai dai ta koma sussukar hatsin mutane.

Kwana biyu ya yi yana rubuta rahoto na biyu. Shafi uku ne. Jimlar farko ta fi ba shi wahala, ya yaga takarda sau da yawa yana neman hanyar da zai ce an samu ƙarin bayani, ko bincike ya ci gaba. Daga ƙarshe ya rubuta cewa rahotonsa na farko kuskure ne, domin ya rubuta shi bai shiga ramin ba.

Ciyaman ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa. Mutum ne mai fara'a, tsohon malamin makaranta, yana kuma son Kamilu. Ya tuna masa cewa rahoton farko yana kan teburin manya a Gusau, kuma ranar Litinin mai zuwa ce ganawar. Ya ce ba a ɗaukar mutumin da ya ƙaryata kansa da hannunsa cikin wata uku. Ya ba shi shawara irin ta uba: ya bar takardar nan a aljihu, ya je ya samu gurbinsa, dakatarwa za ta ƙare da kanta.

"Za ta ƙare bayan ramin ya cika da ruwa, ranka ya daɗe."

"To in na buɗe, gobe a ce ƙaramar hukuma ta ba da izinin ajiye wa aljanu kaso? Ka san lokacin da muke ciki."

Kamilu ya miƙa masa takardar liman. Ciyaman ya bi ta da ido, ya yi ɗan murmushi, ya ce ashe an zo masa da shiri. Sannan fuskarsa ta canza. Ya ce shi ya je ta'aziyyar Faruku da Ɗanbaba, ya ga 'ya'yansu, ba zai sake zuwa irin wannan ta'aziyya ba saboda awon igiya. In rufi ya sake saukowa, wuyan wa za a kama?

"Nawa," in ji Kamilu.

Daga nan Ciyaman ya faɗi sharuɗɗansa, yana ƙirgawa da yatsu. Dakatarwa tana nan a kan tifofi da farar ƙasa har sai wa'adinta ya cika. Tsohon ɓangare kaɗai za a buɗe, don yumɓun masu tukwane. Kowace takardar izini Kamilu ne zai sa mata hannu, ba shugaban sashe ba. Kuma duk ranar da mutum zai shiga ramin, daga ranar farko har saukar ruwa, sai Kamilu yana ciki. Ranar da ba ya nan, ba haƙa. Majalisa za ta zauna ranar Alhamis, in ta amince a fara Litinin.

"Litinin ɗin nan dai," Ciyaman ya ƙara, yana kallonsa ta saman tabarau. "Ko ka fi so a ɗaga zuwa wani makon, ka je Gusau ka dawo?"

Kamilu ya yi tunanin mako guda a cikin biyar da suka rage, ya tuna cewa shekaranjiya da dare an ga walƙiya ta gabas. Ya kuma san kansa: in ya zauna a gaban manyan nan suna yaba masa rahoton farko, ba lalle ne bakinsa ya iya cewa ƙarya ne ba. Ya ce a bar shi Litinin. Ciyaman ya girgiza kai, ya ce zai aika a cire sunansa, ya kuma ce bai sani ba ko hankali ne wannan ko rashinsa.

Majalisa ta amince, ko da yake kansiloli biyu sun yi gunaguni, wani kuma ya tambaya a fili ko rahoto na uku na nan tafe. An yi dariya, Kamilu yana zaune a bayan ɗaki yana ji. A ofis abokan aikinsa suka rage yi masa magana, kamar mai wata cuta. Ranar Juma'a liman ya cika alkawari. An ce bayan an sallame, Nagoggo ya dogara sandarsa ya je gaban Sodangi ya durƙusa da ƙafarsa mai ciwo, ya daɗe bai tashi ba. Nagoggo ne dama ya fara sa diga a ginshiƙi na biyar ranar da rufin ya sauko.

Ranar Litinin da sassafe motar Gusau tana lodi a tashar Kaura, ɗan kamasho yana kiran saura mutum biyu. Kamilu ya wuce ta gabanta a kan babur, da gwangwanin jan fenti ɗaure a baya, da buroshi, da takardun izini goma sha ɗaya a cikin jaka. Bai rage gudu ba, bai kuma ƙara ba.

A bakin ramin ya tarar da mutane sun fi yadda ya zata. Jakuna sun dawo da mangalolinsu, wata mata ta riga ta hura wuta a tsohuwar rumfa. Gwaggo Larai tana cikin mata da kwandonta a ka. Da ya gaishe ta ta amsa, ta dubi gwangwanin, ta ce Allah ya sa dai ba ramin zai yi wa kwalliya ba. Ya raba takardun, ya ce kowa ya jira.

Shi da Sodangi suka fara shiga. Tsohon yana riƙe da fitila, Kamilu yana zagaye kowane ginshiƙi da jan layi daidai ƙirji, ya rubuta lamba a kai. A bakin sabon wurin da za a haƙa ya auna gaba biyu da igiya, Sodangi ya sake aunawa da hannuwansa don bai yarda da igiya ba, suka dace, aka shata inda za a bari. Da suka gama, Nagoggo ya leƙo daga ƙofa, ya tambaya da wane suna za a riƙa kiran abin yanzu.

"Ku kira shi abin da kunka ga dama, ku dai bar shi tsaye," in ji Sodangi.

Kamilu ya rufe gwangwanin, ya rataye rigarsa a kan wani dutse, ya zauna a gindin ginshiƙi na farko inda zai iya ganin rufin duka. Sannan ya ce wa na bakin ƙofa su shigo da diga.